Tsakanin Kano da Damagaram Mil Nawa Ne?

Idan aka tambayi yaron makaranta nisan da ke tsakanin filin jirgin sama na Kano da na birnin Zindar, wanda Hausawa suka fi sani da Damagaram, ba zai sha wahala ba. Sai ya shimfiɗa taswira, ya ɗora zare daga wannan ɗigo zuwa wancan, ya gwada zaren da ma'aunin da ke gindin taswirar, ya ce wajen kilomita 200 ne, watau mil 125 ko kusa da haka. Amsarsa kuwa daidai ce, domin haka matuƙan jirgi su ke lissafi. Jirgin sama ba ruwansa da gada, ko kwari, ko lanƙwasar hanya. Daga filin da ya tashi zuwa filin da zai sauka miƙewa ya ke yi sak, kamar shamuwa ta nufi gida. Ƙaramin jirgi mai farfela, irin wanda ke ɗaukar mutum arba'in ko hamsin, zai gama wannan tafiya tun awa guda ba ta cika ba. Mutum ya sallaci azahar a Kano, ya shiga, ya sauka Damagaram ba a kira la'asar ba.

In kuwa direban mota aka tambaya, zai ce wajen kilomita 240 ne, a bi ta Kazaure da Daura da Kongolam, a ƙetare iyaka, a wuce Matamaye, a faɗa babbar hanya. Shi ma bai yi ƙarya ba, sai dai ba zai yarda ya faɗi lokacin isa ba, don ya san shingayen da ke gabansa, bai kuwa san yadda masu tsaronsu suka kwana ba.

To, akwai nisa na uku, shi ne abin magana a nan. A ɗauka ga wani attajiri a Kano, aka aiko masa da dare mahaifiyarsa na kwance a Damagaram rai a hannun Allah, ya ce shi ta sama zai bi ko nawa ne kuɗin. Ya isa filin jirgi, ya nemi tikitin Damagaram. Babu. Babu jirgin fasinja mai ranakun tashi sanannu da ke ɗaukar mutane daga wannan fili ya sauke su a wancan. Tilas sai ya fara zuwa Yamai, babban birnin Nijar. Ko da a ce ya yi dace ya sami jirgin da zai kai shi Yamai kai tsaye, wajen kilomita 700 ke nan ya yi yamma, sa'an nan ya juyo ya yi wajen 740 gabas. An sami 1,440, watau ninki bakwai na nisan gaskiya. Im bai yi wannan dace ba, sai ya gangara Ikko bakin teku, ya ƙetara Lome ta ƙasar Togo, ya hau zuwa Yamai, kana ya nufi Damagaram. Wanda ya haɗa wannan lissafi zai tarad da fiye da kilomita 2,500, da sauka huɗu, da ƙasashe uku, da kwanan hanya. Kafin ya isa, wanda ya hau motar haya ya yi ta'aziyya ya komo. Nisan farko Allah ne Ya yi shi. Na uku mutane suka yi shi da alƙalami, su ne kuwa ya kamata a tuhuma.

Wanda bai san tarihi ba sai ya zaci garuruwan nan biyu baƙin juna ne. Ba haka ba ne. Tun kafin Bature ya taka ƙasar nan, ayarin da ya tashi daga Kano zai tafi Tarabulus ta Damagaram ya ke bi, daga nan Agadas, daga nan Gat da Gadamas. Turkuɗi da fatu da takalma su yi arewa, gishiri da dabino da kanwa su yi kudu. In ayari na cin mil goma sha biyar a yini, cikin kwana goma ya isa Damagaram. Ba kullum a ke zaman lafiya ba, gama Sarkin Damagaram Ahmadu Kuren Daga ya sha kawo hari ƙasar Kano a zamanin Sarki Alu, amma faɗa ma ai da maƙwabci a ke yinsa. Harshe ɗaya, addini ɗaya, auratayya kuwa ta sarƙe har ba mai iya warware ta.

Sai Turawa suka zo. Faransawa suka ci Damagaram a 1899, Ingilishi suka ci Kano a 1903. Suka yi ta ja-in-ja a kan inda iyaka za ta bi, aka yi yarjejeniya a 1890, aka sake a 1898, aka kuma sakewa a 1904 da 1906, domin Faransawa sun ce ba su sami hanya mai rijiyoyi da za ta kai su daga kogin Kwara zuwa Damagaram ba. Daga 1906 zuwa 1908 aka bi daji ana kafa alamun iyaka. Ba a ji an tara mutanen garuruwan da aka raba an nemi shawararsu ba. Duk da haka ciniki bai mutu ba. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar Damagaram ta Kano ta riƙa bi zuwa teku, don ita ce hanya mafi kusa. Damagaram ce ma hedkwatar ƙasar Nijar daga 1911, sai a 1926 aka mai da mulki Yamai, wajen kilomita 900 ta mota. Tun daga ran nan aka juya fuskar Damagaram yamma, aka sa ta ba Kano ƙeya.

Jirgin sama ya zo ya tarad da wannan tsari, ya bi shi sawu da ƙafa. Ran 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na mayaƙan saman Ingila, waɗanda suka taso daga Masar, suka sauka a filin wasan dawaki na Kano, su ne jirage na farko da suka sauka a Nijeriya. A 1936 kamfanin Ingilishi mai suna Imperial Airways ya buɗe hanya daga Hartum, ta Fort Lami wadda yanzu a ke kira Injamena, ta Maiduguri, zuwa Kano. A cikin waɗannan shekaru kuma jiragen Faransa da na Baljiyam masu zuwa Kwango suna ratso hamada, su sauka Yamai, su sauka Damagaram, su wuce Fort Lami. Mai karatu ya duba abin mamaki: hanyoyi biyu sun miƙe gab da juna, mil 125 kaɗai tsakani, kowace tana kai wasiƙu da ma'aikata ga ubangidanta. Bature ba shi da laifi wajen kansa, don bai zo sada zumuncin kowa ba. Ya shimfiɗa hanyar da za ta kai shi Landan ko Faris, ya kuwa sami biyan bukata.

Laifin yana wuyan waɗanda suka gaje shi. Ƙasashen biyu sun sami mulkin kai a 1960, Nijar ran 3 ga Agusta, Nijeriya ran 1 ga Oktoba. Nijeriya tana da kamfaninta, Nigeria Airways, tun 1958. Nijar ta shiga kamfanin haɗin gwiwa na Air Afrique da aka kafa a 1961. Na biyun ya rushe a 2002, na farkon ya bi shi a 2003, sun mutu sun bar taswirar sama kusan yadda suka same ta: kowane gari ya dubi babban birninsa, kowane babban birni ya dubi Turai.

Takardu kam ba a rasa su ba. A 1971 aka kafa hukumar haɗin kai ta Nijeriya da Nijar, aka ajiye ofishinta a Yamai. A 1975 aka kafa ƙungiyar ECOWAS a Ikko, a 1979 ta yarda mutanen ƙasashenta su yi zirga-zirga ba tare da biza ba. A 1999 ministocin Afirka suka taru a Yamusukuro suka ƙulla cewa a buɗe sararin sama ga jiragen juna. A watan Janairu 2018 aka sake taruwa a Adis Ababa aka yi shelar kasuwar jiragen sama guda ɗaya ta Afirka, ƙasashe 23 suka sa hannu tun da fari, Nijeriya da Nijar duk suna ciki. An sha tafi, an ɗauki hotuna. Da takarda tana tashi sama, da tuni an gaji da zuwa Damagaram.

Idan aka ta da wannan zance, masu kare halin da a ke ciki suna da amsoshi da suka haddace. Ta farko, wai babu fasinja. Wannan magana ko yaro ba zai karɓe ta ba. A ƙidayar 2006 Jihar Kano ce ta fi kowace jiha a Nijeriya yawan jama'a, mutum fiye da miliyan 9. A ƙidayar Nijar ta 2012 Jihar Damagaram ce ta fi kowace yawan jama'a, fiye da miliyan 3 da rabi. Ashe yankuna biyu mafiya cika a ƙasashen biyu ne ke kallon juna, a ce wai ba a sami mutum hamsin da za su cika jirgi sau biyu a mako ba? Wanda ke shakka ya shiga Kantin Kwari ya saurari masu lissafi da jaka da sefa, ya leƙa kasuwar hatsi ta Dawanau ya tambayi inda manyan motoci suka nufa, ya zaga asibitocin Kano ya ji daga inda majinyata suka fito. Daɗin daɗawa, a 2021 Gwamnatin Nijeriya ta ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, a kan kusan dala miliyan 2,000. In babu mutane da kaya tsakanin ƙasar Kano da kudancin Nijar, wa za a ɗauka a cikin taragon? Ba ya yiwuwa a ce da mutane ran da za a ba da kwangila, a ce babu su ran da aka nemi jirgin sama. Kuma ta yaya a ke ƙirga fasinjan jirgin da bai taɓa tsayuwa ya jira su ba? Ai ba a sanin masu sayen fura sai an kawo ƙwarya kasuwa.

Amsa ta biyu ta fi ta farko nauyi, ya kamata a ba ta haƙƙinta. Sun ce tafiyar ta yi gajarta, mota ta isa, jirgi ba zai ci riba ba. Gaskiya ne gajeriyar tafiya ta fi tsada in aka raba kuɗin bisa mil. Jirgi ya fi shan mai sa'ad da ya ke yunƙurin hawa sama, kuɗin sauka a fili kuwa ɗaya ne ko daga nesa aka zo ko daga kusa, hakanan albashin matuƙi da ladan makanikai. Amma a bincika a ga abin da ke kumbura tikiti. Da zarar jirgi ya ƙetare iyaka, sai a lissafa shi jirgin ƙasashen waje, a ɗora masa haraji da kuɗin fili da kuɗin tsaro irin waɗanda a ke ɗora wa mai tafiya ƙetaren teku, wannan ƙasa ta karɓa, waccan ta karɓa. Mai zuwa gaisuwar surukai a Damagaram a yi masa awo da mudun mai zuwa Turai! Wannan ba hukuncin Allah ba ne, ba kuma halin inji ba ne. Doka ce, wanda ya rubuta ta yana iya gyara ta kafin tawada ta bushe. Shugabannin ECOWAS da kansu sun amsa cewa kuɗin ya yi yawa, gama a watan Disamba 2024 sun yanke shawarar soke waɗansu haraji na tikiti da rage waɗansu kuɗaɗe da kashi 25 cikin 100 daga farkon 2026. Sai dai an yi fargar jaji, domin Nijar ta riga ta ba da sanarwar fita daga ƙungiyar, ta kuwa fita a watan Janairu 2025.

Ban da wannan, wa ya ce lalle sai jirgin ya tsaya a Damagaram ya juyo? Jirgin da ya taso daga Yamai ya sauka Damagaram ya riga ya ci kilomita 740, ƙarin 200 zuwa Kano ba zai karya shi ba. Ko kuwa ya tashi daga Kano, ya sauka Damagaram, ya wuce Agadas, watau ya bi sawun raƙuman dā. Fatake ba su je makarantar lissafi ba, amma sun san ayari ba ya biyan kansa da zango ɗaya, a kowane zango a ke saukewa a kuma ɗauka. Ga kuma wata riba da ba a faɗa. Daga Kano jirage na tashi zuwa Jidda da Alƙahira da Adis Ababa. Mutumin Damagaram da ya yi niyyar umra, in ya bi ta babban birnin ƙasarsa, sai ya yi tafiyar kilomita 900 yamma, sa'an nan jirgi ya ɗauko shi ya juyo da shi gabas inda ya fito. Alhali ga ƙofar gabas nan kudu da shi, tafiyar da ba ta kai awa guda ba.

Waɗansu kuma su kan ce, ina ruwan talaka da jirgin sama, ai abin masu kuɗi ne. Wannan magana tana da daɗin ji, amma yaudara ce. Haƙiƙa manomi ba zai sayar da buhun gero ya sayi tikiti ba. Amma likitan da zai zo ya yi aiki yini ɗaya ya koma, talaka zai duba. Maganin da ba ya jure zafin hanya, cikin jikin talaka za a sa shi. Wanda mota ta karya, aka ce sai asibitin ƙashi na Dala, ba a tambayarsa yawan dukiyarsa kafin ciwo ya ci ƙarfinsa a kan shinge. Injiniyan da matatar man Damagaram ke jira, wadda aka buɗe a 2011, in ya makara talaka ne zai kwana a layin mai. Haka aka ce game da mota sa'ad da ta fara zuwa, haka aka ce game da wayar hannu, yau ga su a hannun mai tallan goro. Abin lura kuma, masu cewa talaka ba ya bukatar jirgi ba a ganinsu a tashar mota.

Saura maganar tsaro da fasa-ƙwauri. Iyakar Nijeriya da Nijar ta kai wajen kilomita 1,500, yawancinta fili ne fetal, babu kogi babu dutse, gona tana shiga gona. Mai mugun kaya ba shi da bukatar ya sayi tikiti, ya nuna fasfo, ya miƙa jakarsa a haska ta, a rubuta sunansa a littafi. Babur ya ishe shi, da dare, ta bayan gari. A duk tsawon iyakar nan babu ƙofar da ta fi filin jirgin sama sauƙin tsaro, domin ƙofa ɗaya ce, kowa kuwa sai ya bi ta a gaban ma'aikaci. Wanda ya toshe ta don tsoron ɓarawo ya kulle taga ne ya bar katanga a rushe.

Abin da ya faru a 2023 ya isa ya nuna a hannun wa nisan nan ya ke. Ran 26 ga Yuli soja suka karɓi mulki a Yamai. Ran 30 ga wata shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja, suka rufe iyakokin ƙasa da na sama, suka hana jiragen kasuwa shiga Nijar ko fitowa daga cikinta. Ran 6 ga Agusta Nijar ita ma ta rufe sararin samanta, ba ta buɗe ba sai farkon Satumba. Ba a janye takunkumin ba sai ran 24 ga Fabrairu 2024, iyakar ƙasa kuwa sai a watan Maris aka buɗe ta. Ba a nan za a yi shari'ar wanda ya yi daidai da wanda ya yi kuskure ba, wannan zance ne dabam. Abin dubawa shi ne, Kano ba ta gusa ba, Damagaram ba ta gusa ba, amma cikin yini ɗaya aka mai da tsakaninsu ya fi tsakanin Kano da Makka nisa. Motocin kaya suka yi jerin gwano a bakin iyaka, albasa ta ruɓe, biki da jana'iza suka wuce ba 'yan'uwa. Kafin wannan ma Nijeriya ta taɓa rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Sau biyu ke nan cikin shekara biyar. Alƙalamin da ya iya nisanta garuruwa biyu cikin yini ɗaya, don me zai kasa kusanta su cikin shekara sittin?

Ba Gwamnatocin tarayya kaɗai ke da alhaki ba. Kano ba ta rasa attajirai ba, har kamfanonin jiragen sama fiye da ɗaya sun kafa hedkwatarsu a cikinta, jiragensu na jigilar alhazai, suna zuwa Abuja da Ikko safe da yamma. Damagaram ma tana da nata masu hali. Akwai 'yan majalisa, akwai gwamnoni daga ɓangarorin biyu, akwai ƙungiyoyin 'yan kasuwa, akwai sarakuna waɗanda ke ziyartar juna ran naɗi da ran ta'aziyya, su sun fi kowa sanin cewa zumunta a ƙafa ta ke. Kowannensu ya san hanyar ofishin da a ke ba da izni in bukatar tasa ce. Fitar Nijar daga ECOWAS ba hujja ba ce, domin ƙasashe biyu maƙwabta ba su bukatar ƙungiya kafin su yarda jirgi ya sauka, hukumar 1971 kuwa ba ECOWAS ce ta haife ta ba, ta girme ta da shekara huɗu.

Abin da a ke nema bai taka kara ya karya ba. Ba a ce a gina sabon fili ba, filayen biyu suna nan da kwaltarsu. A sami izni daga Abuja da Yamai, a sauke harajin ƙetaren teku daga kan tafiyar mil 125, a ajiye ma'aikacin fasfo da na kwastan a Damagaram ranar da jirgi zai sauka, a ba kamfani ɗaya dama ya gwada ƙaramin jirgi sau biyu a mako har shekara guda. In shekara ta cika kujeru na tafiya wayam, masu cewa babu fasinja sun yi gaskiya, a ba su haƙuri a bainar jama'a. Amma su yarda a gwada tukuna.